Shekarar da Na Ƙi Karɓar Yafiyar Baffa Sale

Ba zan rantse a kan kowace kalma da ke cikin wannan babi ba. Abin ya daɗe, kuma na lura tun da na yi ritaya kwanaki sun fara hawa kan juna a kaina, har nakan ɗauki maganar da aka yi a gona in kai ta ƙofar masallaci. Inda nake da shakka zan ce ina da shakka. Amma dole in rubuta, domin Ummanku ta gaya mini cewa a wani bikin suna da aka yi a Tofa, wata tsohuwa ta tambayi ɗayanku ko shi ne ɗan mutumin nan da ya taɓa yin azumin Yahudawa. Ban taɓa yin azumin Yahudawa ba. Azumin Ramadan na yi a shekarar, kamar kowa. Abin da ya faru daban ne, kuma a ganina ya fi wannan nauyi, sai dai mutanen garinmu sun riƙe abin dariyar sun saki sauran.

Sai na koma baya shekara bakwai kafin wannan shekarar. Ni ina ganin shida ne, Ummanku ta ce bakwai, na bi ta. A lokacin ina malamin gona, ban daɗe da gama jami'a ba, an turo ni in riƙa zagaya manoman rani na ƙasan madatsar Watari, cikinsu har da mutanen garinmu. Ni ne mai tsayawa a gindin bishiya in gaya wa dattawa cewa injin feshin da aka zuba wa maganin ciyawa ba a zuba masa maganin ƙwari sai an wanke shi da ruwan sabulu, an bar shi ya kwana da ruwa, an fesar. Na faɗi wannan magana ta fi a ƙirga. To a ƙarshen wata damina na ari injin Baffa Sale, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Na fesa maganin ciyawa a inda zan yi nawa noman rani. Na yi niyyar wankewa, Allah ya sani na yi niyya. Aka aiko daga ofis a Bagwai wai ana nemana da gaggawa, na ɗauraye shi sau ɗaya a bakin ruwa, na mayar, na hau babur na tafi. Baffa ya zuba maganin ƙwarinsa ya fesa wa irin tumatir da yake reno a fangali, wanda zai dasa wa gonarsa kaf. Bayan kwana uku ganyen ya murɗe, ya kanannaɗe, karan ya lanƙwashe. Ya aiko a kira ni. Tun daga nesa na gane, don hoton irin wannan ganye yana cikin littafin da nake yawo da shi a jaka.

"Garba, kai ka yi karatun," in ji Baffa. "Cuta ce, ko hannun mutum?"

"Ba cuta ba ce, Baffa. Kamar dai magani ne ya taɓa su."

"Ni maganin ƙwari na fesa, wanda nake fesawa kowace shekara."

"To wataƙila wani abu ne ya shiga."

"Wani abu ya shiga, ko wani ya shigar?"

Na yi shiru. Ban yi ƙarya ba, kuma shekara bakwai ina rarrashin kaina da cewa ban yi ƙarya ba. Abin da ban hango ba shi ne inda shirun zai sauka. Baba Idi abokin Baffa ne tun suna kiwon awaki, gonakinsu jere suke, bakin ruwansu ɗaya, kuma kullum da yamma ana fito da kwanon gidansa a haɗa da na gidanmu a ƙofar Baffa a yi ciyayya. A makon nan sun ɗan yi sa-in-sa a kan wa zai fara jan ruwa, irin wadda suka saba yi su manta. Kuma wani ya ce ya ga Baba Idi da gwangwani a hannu kusa da fangalin da safe, alhali nasa irin yake bai wa ruwa. Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan la'asar, Baffa ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce akwai wanda suke sa hannu a kwano ɗaya da shi, amma ya bi bayansa ya ƙone masa iri, kuma malamin gona da kansa ya tabbatar ba cuta ba ce. Bai ambaci suna ba. Babu wanda ya buƙaci a ambata. Daga ranar kwanon Baba Idi bai ƙara zuwa ƙofarmu ba. Waɗanda suke haɗa albasa da shi su kai kasuwa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Idan ya bi ta gefen gonar mutum, sai ka ga mai gonar ya miƙe tsaye yana bin sa da kallo har ya wuce. Ni kuwa kullum ina wucewa ta ƙofar gidansa, in rage gudun babur, in ce Baba ina kwana.

A shekarar da nake ba ku labari, aka kawo mana wani dattijon Bature a ofis, na wata huɗu, ya koya mana ban ruwa ta siraran bututu masu ɗiga. Sunansa David, manoma suka mayar da shi Dokta Dauda. Bayahude ne, bai ɓoye ba, bai kuma yi talla ba. Abin da muka sani kawai, ranar Asabar ba ya taɓa aiki, kuma yana da tsantseni a kan abinci har ya fi wasunmu. Mutum ne mai saurin fushi a kan aiki. Akwai ranar da ya jefar da rahotona a kan tebur a gaban abokan aiki ya ce awon da na yi na ƙasa ba daidai ba ne, daga baya aka sake awo aka ga nawa ne daidai. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Sai ana saura kwana biyu ko uku a ga watan azumi, ya same ni a inuwar ofis da 'yar kwalbar zuma da burodi. Da Turanci muka yi maganar, ina mayar da ita Hausa ne gwargwadon yadda na riƙe.

"Malam Garba, ranar da na jefar da rahotonka a gaban mutane, na ce ka yi kuskure. Ni na yi kuskure. Na sani tun washegari, girman kai ya hana ni faɗa. Na riga na gaya wa waɗanda suke wurin yau da safe. Ina roƙon ka yafe mini."

"Haba Dokta, ai ba komai. Na ma manta."

"Ba ka manta ba. Tun ranar ba ka ƙara kawo mini rahoto da hannunka ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ce na yafe, ya gode, ya ba ni burodi da zuma, ya ce gobe da faɗuwar rana sabuwar shekararsu take kamawa, ana cin zaƙi don fatan shekara mai daɗi. A bana, in ji shi, jinjirin watan da za mu fara azumi da shi, shi ne nasu na sabuwar shekara. Rosh Hashana ya kira ta. Ya ce ana busa ƙahon rago don a farkar da mutane, sannan a ƙirga kwana goma na tuba har zuwa babbar ranarsu, Yom Kippur, wadda suke azumi tun daga faɗuwar rana har wata faɗuwar, ba ci ba sha, suna neman gafarar Ubangiji. Amma ya ce a koyarwarsu wannan rana laifin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa take sharewa. Wanda ke tsakaninka da ɗan'uwanka ba ta taɓa shi sai ka je ka same shi, ka faɗi abin da ka yi da sunansa, ka gyara abin da zai gyaru, ka roƙe shi. In ya ƙi ka koma, har sau uku. Wataƙila akwai abin da na fahimta a karkace, ban yi karatun addininsu ba, abin da mutum ɗaya ya gaya mini a inuwa ne. Amma kalmar nan, ka faɗi abin da ka yi da sunansa, ita ta bi ni har gida ta hana ni cin tuwo.

Ku kun san al'adarmu in azumi ya gabato. Kowa na bin kowa, a yafi juna, a yafi juna, a hanya, a bakin rijiya, a kasuwa. Ni ma shekara bakwai ina zuwa in durƙusa gaban Baffa in ce a yafe mana, ya ce ya yafe, in tashi da sauƙi a ƙirji na kamar kwana biyu. A wannan karon na shirya maganata tsaf, har na rubuta a takarda na haddace. Na same shi da hantsi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

"Baffa, na zo neman yafiya ne a kan wani abu."

"Na yafe maka duniya da lahira, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ni ma ka yafe mini."

"Ai ban faɗi abin ba tukuna."

"To na ce kar ka faɗa. Miƙo mini wuƙar can."

"Baffa, abin yana da nauyi."

"Mai nauyin na yafe. Mara nauyi ai ba ya buƙatar yafiya. Kai kullum sai ka mai da magana jarrabawa."

Haka na fito, takardata na nan a aljihu ban faɗi abin da ke ciki ba. Ban taɓa jin haushin a yi mini alheri ba kamar ranar. Mutum ya zo da kaya a ka zai sauke, an ce masa an karɓa, alhali kayan na nan a kansa. Na gaya wa Ummanku komai a ranar, ita ce ta fara ji a duniya. Tana tankaɗe ta tsaya, ta ajiye rariyar.

"Malam, shekara bakwai? Ina gaishe da matar Baba Idi a ɓoye kamar ɓarauniya, ashe kai ne?"

"Ni ne. Shi ya sa na je wurin Baffa."

"Baffa tumatir ya rasa, ya shuka wani. Wancan bawan Allah sunansa ya rasa. Ka tafi wurin mai tumatir don ka san shi zai ce ya yafe."

Ban ji daɗin maganar ba, amma ban sami inda zan kama ta ba. Duk da haka ban tafi wurin Baba Idi ba. Wurin Liman na tafi, rana ta biyu ga azumi, bayan azahar, kuma in faɗi gaskiya, na tafi ne da fatan ya ce mini yafiyar Baffa ta wadatar. Na tambaye shi a dunƙule, idan mutum ya yafe laifin da bai san ko mene ne ba, ya yafu? Ya ce malamai sun saɓa, akwai masu ganin ya wadatar, musamman in faɗar za ta tayar da fitinar da ta fi ta farko. Har na fara jin sanyi. Sai ya ce amma in akwai wani na uku da aka ɓata wa suna a kan laifin, wannan ba saɓani, inda aka ɓata nan ake zuwa a gyara. Ya tambaye ni me ya tayar da wannan tambaya, ni kuma da rashin dabara, maimakon in ce tunani ne kawai, na kwashe labarin Dokta Dauda da kwana gomansu na ba shi. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

"Malam Garba, shekara nawa ina faɗa a wurin tafsiri cewa hakkin bawa ba ya faɗuwa sai bawan ya yafe? Kana sahun gaba kana gyaɗa kai. Ashe jira kake a haɗo maka da zuma."

"Allah ya gafarta Malam, ba haka ba ne. Shi na ga ya yi ne a gabana."

"To wannan kam ka gaya mini magana. Je ka ka yi."

Akwai wani mai sayar da taki da ke zaune a gefe yana jiran Liman. Ba zan ambaci sunansa ba, 'ya'yansa na nan. Kafin la'asar magana ta zagaye gari cewa Garba malamin gona ya ɗauki kwana goman Yahudawa. Kafin Juma'a maganar ta zama wai azuminsu nake yi. Wannan shi ne asalin abin da tsohuwar Tofa ta ji, ba wani abu bayansa.

Na sake gwada Baffa a gona, rana ta huɗu. Ina fara magana ya ce in ban daina ba zai janye yafiyar, ya juya ya ci gaba da jan ruwa. A nan na gane in dai mu biyu ne ba zai taɓa bari in kai ƙarshe ba. Ban sani ba ko ya fara zargin wani abu ne, ko kuwa halinsa ne kawai na ƙin dogon zance. Washegari da aka sha ruwa aka yi magariba, maza kamar takwas na zaune a tabarma a ƙofar gidansa, ga kunu ga ƙosai, na ajiye ludayi na faɗa. Ban bi takardar ba. Na ce injin da Baffa ya yi feshi da shi a shekarar nan ni na ara, maganin ciyawa na zuba, ban wanke ba. Na ce na gane tun ranar da ya kira ni fangali, kuma ina tsaye a ƙofar masallaci lokacin da aka yi maganar. Na ce Baba Idi bai taɓa irin nan ba. Wani ya ci gaba da tauna a hankali kamar mai jin kunyar ƙarar bakinsa. Baffa ya ture kwanon gabansa.

"Sau biyu na yafe maka ka ƙi karɓa. Yanzu na ga dalili."

"Baffa, na ga hakkin Baba Idi ne..."

"Jiya war haka ni aka cuta. Yau ni ne azzalumin, da furfurata, a gaban mutane, a ƙofar gidana. Ka sauke kayanka ka ɗora mini, kai ka tafi ka yi barci. Wannan shi ne karatun?"

"Laifina ne duka."

"Kai ka tsaya a ƙofar masallaci? Bakinka ne ya faɗa? Tashi ka ba ni wuri, Garba."

Na sha juya wannan magana tasa. A lokacin haushi na ji, na ce a raina ga mutumin da ya yafe abin da bai sani ba cikin ƙiftawar ido, yanzu da ya sani ya kasa. Amma yana da gaskiyarsa. Ban yi tunanin inda kayan zai faɗa ba, kamar yadda ban yi ba a karon farko. Wataƙila da na tafi da Liman mun same shi a ɗaki. Wataƙila. Har yau ban tabbatar ba, domin a ɗaki ma sai ya ce ya yafe ya tashi.

Da safe na tafi wurin Baba Idi. Yana gona yana tayar da fangalin albasa, shi kaɗai. Labari ya riga ni isa, na gani a fuskarsa, amma ya dogara da fartanya ya bar ni na faɗa tun daga aron inji har ƙarshe. A garin nan kaf shi kaɗai ya saurare ni bai katse ni ba.

"Ranar da Sale ya yi maganar, ka ce kana nan?"

"Ina nan, Baba."

"A ina kake tsaye?"

"A bayan Liman, wajen randar alwala."

"Ni ina ta wajen takalma. To ai kana ganina."

"Ina ganinka."

"To na ji," ya ce, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Na koma bayan kwana biyu, na same shi a ƙofar gida, ya amsa gaisuwa, ya tambayi iyali, da na ɗauko maganar ya ce azumi ya yi nisa, bakinsa ya bushe. Ni kuwa, ban san ya aka yi ba, lissafin kwana goman nan ya shiga kaina ya zauna, ina ƙirgawa da yatsu kamar za a rufe wata ƙofa. Ummanku ta ce kwana goman nawa ne ko na aro ne, mu da aka ba mu wata guda cur har da goman ƙarshe. Na san da gaskiyarta, amma ranar da Dokta Dauda ya rufe ɗakinsa yana nasa azumin, na sake hawa babur na tafi karo na uku. Baba Idi na zaune a kan turmi yana gyaran igiya. Bai bari na gama durƙusawa ba.

"Wannan na uku ke nan, ko?"

"Eh, Baba."

"An ce a wurin Baturenku in mutum ya zo sau uku ya fita, laifi ya koma kan wanda ya ƙi. Haka ne?"

"Ban tabbatar da yadda abin yake ba. Ni ba don haka na zo ba."

"To daina ƙirgawa. Ni shekara bakwai na yi ban ƙirga wa kowa ba. 'Yata ta haihu a Tofa, daga gidanku ko mace ɗaya ba ta je ba. Kana so in ce na yafe don ka samu ka yi Sallah da farin ciki. Ni ba durƙusonka nake buƙata ba. Wanda ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa, shi zai koma ƙofar masallaci ya warware. In ya yi, ma yi magana."

Da Dokta Dauda ya dawo aiki na ba shi labari a taƙaice, da ɗan ƙorafi a muryata, kamar shi ya sayar mini da irin da bai tsiro ba. Ya ce shi abin da suke yi ya gaya mini, bai ce yana ƙarewa cikin kwana goma ba. Ya ce yana da ƙane da yake rubuta wa wasiƙa duk shekara a wannan lokaci, har yau bai ga amsa ba. Daga nan muka tafi duba bututu.

Kwana goma sha biyar Baffa bai amsa gaisuwata ba. Ban san abin da ya motsa shi ba. Liman ya ce ya yi masa magana, Ummanku ta ce matarsa ce ta hana shi sakat a cikin gida, mai yiwuwa duka biyun ne. A cikin goman ƙarshe, wata la'asar, ana fitowa ana neman takalma, Baffa ya tsaya a daidai inda ya tsaya a da, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, maganar tumatir ɗin nan ta shekarun baya. Ba Idi ba ne. Wannan ɗan bokon ne bai wanke inji ba."

Ya sa takalmi zai wuce. Baba Idi ya ce daga inda yake:

"Sale, wannan shi ne ban haƙurin?"

"Shi ne. In kana jiran wani, sai ka daɗe."

"Shekara bakwai, ko ƙara tsawon magana ba ka yi ba."

"Kai ma ba ka rage ba."

Mutane suka yi dariya, irin ta wanda aka sauke wa nauyi, aka watse. Abin da ya biyo baya ba zan ƙawata muku shi ba. Sunan Baba Idi ya wanku, a ranin nan aka sake haɗa albasa da shi. Shi da Baffa suka koma gaisawa, suna zuwa wa juna suna da jana'iza, suna faɗa a kan ruwa kamar da. Amma kwanonsa bai dawo ƙofarmu ba. Baffa bai ƙara tambayata komai a kan gona ba har ya koma ga Allah, in iri ya yi masa ciwo sai ya hau mota ya tafi Bagwai ya tambayi wani. Ni kuwa duk taron manoma da na tsaya zan yi bayanin feshi, sai wani daga baya ya ce, Malam, an dai wanke ko? Na haƙura da wannan, na cancanta. Abin da ban cancanta ba shi ne zancen azumin nan, kuma ina roƙonku duk inda kuka ji ku gyara, ba tare da kun zagi Dokta Dauda, mutumin da ya zo ya ba ni haƙuri a kan rahoto ɗaya ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin dalilin wannan babi. Baba Idi ya ce in Baffa ya warware ma yi magana. Ba mu yi ba. Na jira ya ɗauko, bai ɗauko ba, ni kuma na ji tsoron in koma ya ce ina ƙirgawa. Muka shekara huɗu a haka, gaisuwa lafiya lau, har ya kwanta ciwon ajali. Na je duba shi da hantsi, ɗakin akwai babban ɗansa, da Liman, da wasu mutum biyu daga dangin matarsa da ban riƙe sunansu ba. Na durƙusa kusa da kansa na ce Baba, maganar nan, ka yafe mini. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Abin da kunnena ya ji shi ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Daga baya babban ɗansa ya ce a'a, cewa ya yi na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Liman, kafin ya rasu, ya ce shi hankalinsa na kan addu'a, bai ji farkon ba, kuma in daina wahalar da kaina. Ummanku ma haka take cewa. Ina yi masa addu'a, ina yi masa sadaka, 'ya'yansa sun ce ba su riƙe ni da komai ba. Amma maganganun nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ɗansa mutum ne mai kirki da zai iya ƙara kalma don ya sanyaya mini rai.

Don haka duk wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta, ko na rana ko na wuri, ya aiko a gyara, ba zan ji haushi ba. Mutum biyun nan kuwa da ke zaune a bakin ƙofar ɗakin, an ce ɗaya yana raye a wajen Bagwai. In wannan ya isa gare shi, ko ga wanda ya san shi, ina roƙon ya aiko mini da abin da ya ji, yadda ya ji shi, ko da ba wanda nake so ba ne.